Ba Duk Tari Ne Na Hunturu Ba

Duk mai zuwa sallar asuba cikin jam'i a watan Disamba ko Janairu ya san halin da masallaci ke shiga. Liman bai kai ƙarshen Fatiha ba, wannan ya yi gyaran murya, wancan ya sarƙe da tari, na ƙarshen sahu ya karɓa masa. Haka abin yake a ajin 'yan firamare, da cikin motar haya, da layin masu awo a asibiti. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ƙura daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tana zazzage mana ita tun daga Nuwamba har wajejen Maris. Hanci ya bushe, leɓe ya tsattsage, maƙogwaro ya yi ta ƙaiƙayi. Kowa tari yake yi, don haka ba mai ɗaukar tari a bakin komai.

A nan haɗarin yake. Mafi yawan masu tarin nan za su warke cikin mako ɗaya ko biyu, ko da ruwan zafi kaɗai suka sha. Amma a cikinsu akwai wanda nasa tarin ya faro tun gero bai nuna ba, ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa, shi ma in ka tambaye shi sai ya ce sanyi ne. Akwai jaririn da ke goye a bayan uwarsa, tarinsa ma bai yi ƙarfi ba, amma numfashinsa sama sama yake fita. Lokacin hunturu yakan lulluɓe irin waɗannan, su ɓace a cikin jama'a, sai sa'ad da ciwo ya ci jiki a ɗauko su ranga-ranga.

Tari ɗan aike ne. Jiki ne ya turo shi ya sanar da cewa wani abu ya taɓa hanyar numfashi. Tun daga maƙogwaro har cikin rassan huhu akwai jijiyoyi masu saurin ji. Da zarar ƙura ko hayaƙi ko kaki ko ɗigon ruwa ya taɓa su, sai su kai saƙo ƙwaƙwalwa. Mutum ya ja iska, ƙofar maƙogwaro ta rufe, naman ciki da na ƙirji su matse, sannan ƙofar ta buɗe farat ɗaya, iska ta fito da ƙarfi ta yi waje da abin da ya tsaya. Ba don wannan ba, da ƙwarewa ɗaya a kan kwanon tuwo ta isa ta halaka mutum. Shi ya sa tsoho da ya yi rauni, ko mai shanyewar ɓarin jiki da ba ya iya tari da ƙarfi, yake saurin kamuwa da ciwon huhu: kaki na taruwa, ba abin da zai fitar da shi.

To mu kuwa me muke yi wa ɗan aiken nan? Toshe masa baki muke yi tun bai faɗi abin da ke tafe da shi ba. Tsaya a bakin kemis na unguwa bayan magariba ka gani. Mutum zai zo ya ce, "Malam, a ba ni maganin tari." Tambaya ɗaya za a yi masa: na yara ko na manya? A miƙo kwalba, a sa almakashi a yanko kafso huɗu ko shida daga jikin kati, a ƙulla a leda. Ba wanda ya ce masa tun yaushe. Ba wanda ya tambaye shi ko yana gumi da dare, ko ya taɓa ganin jini, ko wane magani yake sha dama, ko wace sana'a yake yi. Alhali a cikin amsar waɗannan tambayoyi ne ake gane ciwon.

Tambayar "tun yaushe" ita ce uwa. Likitoci suna raba tari gida uku bisa daɗewarsa: wanda bai kai mako uku ba, wanda ke tsakanin mako uku da takwas, da wanda ya haura mako takwas. Amma a ƙasa irin tamu, inda tarin fuka ya yi katutu, ba a jira har mako takwas. Ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce duk tarin da ya kai mako biyu a kai kaki gwaji.

Na mura da na tsakar dare

Tarin da ya fi yawa shi ne na mura. Yakan zo da atishawa, da yoyon hanci, da ciwon kai, da ɗan zazzaɓi. Yana farawa busasshe, daga baya ya koma mai kaki, kuma yakan yi jinkirin tafiya bayan sauran alamomin sun wuce. Ƙwayoyin cuta na bairas ne ke haddasa shi, su kuwa kafso bai san da zamansu ba. Ampiclox da Septrin da muke haɗiya ba sa rage wa mura ko yini ɗaya. Abin da suke yi shi ne koya wa ƙwayoyin bakteriya na jikinmu jure wa magani, ta yadda ranar da ake buƙatarsu da gaske sai su ƙi aiki. Mutane da yawa sun ɗauka in kaki ya koma ruwan ɗorawa ko kore to lallai sai kafso. Launin kaki shi kaɗai bai isa hujja ba. Jini kuwa, ko da zare ɗaya ne a cikin kaki, magana ce ta asibiti.

A nan iyayenmu mata suna da gaskiya. Ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami, ko shayin citta da kanumfari, suna lallashin maƙogwaro, kuma bincike ya nuna zuma na rage wa yara tarin dare. Sharaɗi ɗaya ne mai nauyi: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba, wadda ke saukar da shanyewar jiki. Shi nonon uwa ya ishe shi.

Akwai kuma tarin da ke bari sai mutum ya kwanta. Wanda ke tasowa cikin dare ko da asuba, ƙirji ya ɗaure, numfashi na fita da ƙara siririya, yana tsananta in an yi shara ko an turara ɗaki ko yaro ya yi guje-guje, wannan ya fi kama da asma. Iyaye da yawa suna gudun abin shaƙa, wai in yaro ya saba ba zai iya rabuwa da shi ba. Ba haka ba ne. Abin shaƙa na kai magani kai tsaye cikin huhu, kuma shi ne ya fi sauƙi ga jiki. Wani kuma ƙwannafi ne ke sa shi tari: ya cika ciki da tuwo da miya mai yaji da maiƙo, ya miƙe ya kwanta, ruwan tsami ya taso daga ciki ya taɓa maƙogwaro. Wani majina ce ke gangarowa ta bayan hanci.

Biyu daga cikin masu jawo tari ba a cika kawo su a rai ba. Na farko maganin hawan jini ne, dangin lisinopril da captopril da enalapril. Suna sa wa wasu busasshen tari mai ƙaiƙayi wanda ba kwalbar da za ta kashe shi, sai dai likita ya canza maganin. Kada mai shan su ya daina da kansa, ya koma ya faɗa wa wanda ya rubuta masa. Na biyu zuciya ce. In ta gaza harba jini yadda ya kamata, ruwa na taruwa a huhu, mutum ya kasa kwanciya sai ya tara matasai, ƙafafu su kumbura, ɗan tattaki kaɗan ya sa shi haki. Wannan ya shafi mata masu jego sosai. Ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a arewacin Najeriya, likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Mai jegon da ke tari da dare, ƙafa a kumbure, ba sanyin wanka ne ya kama ta ba. A kai ta a duba zuciyarta.

A wurin yaro, numfashi ake ƙirgawa

Babba yana da bakin faɗin inda ke masa ciwo. Yaro ɗan wata takwas ba shi da shi, kuma ciwon huhu, wanda ake kira nimoniya, ba ya ba shi mako biyu. Kwana biyu ko uku sun isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000 a shekarar 2019. Ƙiyasin UNICEF na 2018 ya ba Najeriya yara 162,000, adadin da ba ƙasar da ta kai shi a duniya, har Indiya mai yawan jama'a.

Abin da ke ƙona rai shi ne, hanyar gane ta ba ta buƙatar na'ura. Agogon waya ya wadatar. Uwa ta bari yaro ya natsu, ba lokacin da yake kuka ko shan nono ba. Ta ɗage masa riga, ta zuba ido a kan cikinsa, ta ƙirga sau nawa ya ɗaga cikin minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Sannan ta dubi ƙasan haƙarƙarinsa: in wurin na lotsawa ciki a duk lokacin da ya ja iska, huhun na wahala. In kuwa ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi laushi ba ya farkawa da sauƙi, ko yana jijjiga, to ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Wanda aka kai da wuri, sau da yawa ƙwayar amoxicillin mai narkewa a ruwa ta 'yan kwanaki ce ke tashin sa. Wanda aka makara sai an nemi iskar oksijin, ita kuwa ba kowane asibitin karkara ke da ita ba.

Da ni ke da iko, da an koya wa kowace mai ciki wannan ƙirgen a wurin awo, a kuma karanta shi a makarantun Islamiyya na matan aure, a ji shi a rediyo kamar yadda ake jin tallar magi.

Tarin shiƙa kuma tsofaffi sun san shi farin sani. Yaro ya yi ta jero tari ba hutu har idanu su yi ja, ya ja numfashi da wata ƙara mai tsayi, ya ƙare da amai, haka har tsawon makonni. Ga jarirai sababbin haihuwa ya fi muni, don su ba sa ma yin ƙarar, numfashi ne ke ɗaukewa, leɓe ya canza launi. Allurar Penta, wadda Najeriya ta fara bayarwa a 2012, tana kare yaro daga shi da mashaƙo da wasu cututtuka uku. Ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14, tare da ta nimoniya da aka shigo da ita a ƙarshen 2014. Ɓarkewar mashaƙo da ta faro a ƙarshen 2022, wadda ta fi yi wa Kano ɓarna, ta nuna mana yawan yaran da ba su taɓa ganin waɗannan allurai ba.

Sai tarin da ya zo bagatatan, yaro na cikin wasa lafiya lau, ba mura ba zazzaɓi. A tambaya me ke hannunsa. Ƙwayar gyaɗa, ko wake, ko murfin biro, yakan faɗa hanyar iska ya maƙale a reshen huhu, a yi wata da watanni ana ba da maganin tari a banza.

Dole in taɓo maganar beli. Har yau in tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai gidajen da za a ce beli ne ya sauko, a kira wanzami ya yanke. Wanzamai mutane ne masu daraja a cikin al'umma, amma wannan aikin ba ya maganin tari. Kowane ɗan Adam da belinsa aka halicce shi. Abin da yankan ke jawowa shi ne zubar jini, da shigar ƙwayoyin cuta ta aska, da yaro ya kasa shan nono, ainihin ciwon kuma yana can cikin huhu yana ci.

Wanda ake ɓoyewa

Ranar 24 ga Maris, 1882, wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya sanar a Berlin cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka. Shekara fiye da 140 ke nan, an samu magani tun tuni, amma a 2023 cutar ta kama mutum kimanin miliyan 10.8 a duniya, ta kashe kusan miliyan 1.25. Najeriya ce kan gaba a Afirka. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kusan mutum 500,000 ke kamuwa a ƙasar cikin shekara. An yi ƙoƙari, domin a 2023 an gano fiye da 360,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. Amma a cire wannan daga wancan a ga saura. Mutum sama da 100,000 suna nan cikin gidaje da kasuwanni da tsangayu da gidajen yari, suna tari, ba su san abin da ke damunsu ba. Kowane ɗayansu yana iya shafa wa mutum 5 zuwa 15 kafin shekara ta zagayo.

Tarin fuka ba ya zuwa da gaggawa, shi ya sa yake yaudara. Tari kaɗan kaɗan, zazzaɓin yamma da ake ta yi wa allurar maleriya, gumin dare har zani ya jiƙe ko a cikin sanyi, abinci ya fita daga rai, jiki na zubewa. Jini yakan zo daga baya, wani ma har ya mutu bai gan shi ba. Wanda ke jiran sai ya ga jini kafin ya yarda, ya ba cutar watanni kyauta. Ta fi samun sauƙin mai cuta mai karya garkuwar jiki, da mai ciwon suga, da wanda yunwa ta ci, da mai shan taba, da masu haƙar zinariya da fasa dutse waɗanda ƙura ta riga ta ɓata wa huhu. Yara kuwa sau tari ba sa fitar da kaki. Alamarsu ita ce rama, da zazzaɓin da ya ƙi sauka, da daina wasa.

Abin da ke hana mutane zuwa gwaji ba rashin kuɗi kaɗai ba ne. Kunya ce. An san yadda ake yi: da an ce wane na da tibi, sai a ware masa kwano da moɗa, a daina miƙa masa hannu, maganar auren 'yarsa ta fara tangal-tangal, matar da ta kamu a ce ta tafi gidansu ta yi jinya. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce gadon gidan ne. Ba ta kwano ake ɗaukar cutar ba, ba ta musafaha ba, kuma ba a gadonta. Ta iska take bi, musamman a ɗaki mai cunkoso wanda aka toshe tagoginsa da tsumma saboda sanyi. Tana bin gida ɗaya ne domin mutanen gidan iska ɗaya suke shaƙa. Wanda ya fara shan magani yadda ya dace, cikin 'yan makonni haɗarin yaɗawarsa ke raguwa ƙwarai. Ke nan wanda ya fito fili yana karɓar magani ya fi aminci a zauna kusa da shi a kan wanda ya ɓoye.

Gwajin ba wuya. Za a ba ka 'yar ƙaramar roba mai murfi, ka fita waje inda iska ke kaɗawa, ka ja numfashi sosai, ka kakaro daga cikin ƙirji, ba yawun baki ba. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana iya ba da sakamako cikin kamar awa biyu, har ta nuna ko ƙwayar mai jin magani ce. Maganin wata shida ne. Wata biyun farko magunguna huɗu ne a haɗe, rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sauran wata huɗun kuma biyun farko. Fitsari zai koma ja ja, aikin rifampicin ne, kada ya tsorata kowa. Tarkon yana wata na biyu ko na uku, lokacin da tari ya tsaya, kumatu suka dawo, mutum ya ce ya warke, ya tafi ci-rani ya bar sauran ƙwayoyin a kan taga. Cutar takan dawo, wani lokaci ta dawo ba ta jin maganin farko, jinya ta ƙara tsawo da wahala. Yara ƙanana da ke gida ɗaya da mai cutar su ma akwai maganin kariya da ake ba su, a tambaya.

Kwalba da hayaƙi

Kwalbar maganin tari ta riga ta yi mana ɓarnar da ba za a manta ba. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben kodin miliyan uku kullum a Kano da Jigawa. Ranar 1 ga Mayu, 2018, kwana ɗaya bayan BBC ta fitar da bincikenta a kan yadda ake fataucinsa, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A Gambiya kuma, a 2022, yara kusan 70 suka mutu da ciwon ƙoda da aka danganta da wasu magungunan tari da mura na ruwa da aka yi a Indiya, waɗanda aka samu da sinadarin diethylene glycol. Shi ne dai sinadarin da ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009 ta cikin maganin haƙori na My Pikin. Ko da kwalbar ta gaskiya ce mai lambar NAFDAC, ƙa'idojin kula da ƙananan yara ba su yarda a riƙa ɗura musu maganin kashe tari ba. Yakan sa yaro barci, uwa ta ɗauka sauƙi ne ya samu.

Akwai kuma tarin da muke girkawa da hannunmu. Macen da ta shekara talatin tana hura ɗanyen itace ko kara a madafi marar taga, da goyo a bayanta, huhunta yakan lalace ko da ba ta taɓa riƙe sigari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020. A haɗa da gawayin da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi, da maganin sauro na kunnawa, da janareta a bakin taga, da shishar da samari suka runguma. Ba kowa ke da kuɗin gas ba, amma fitar da murhu tsakar gida, da busar da itace kafin a hura, da sauke yaro daga baya a nisanta shi da hayaƙi, ba sa cin ko sisi.

Mai karatu, in akwai wanda tarinsa ya kai mako biyu a gidanku, ko a shagonku, ko cikin almajiran da ke kwana a zaurenku, kada ka sake saya masa kwalba. Ka raka shi asibitin gwamnati mafi kusa ka ce gwajin kaki kuka zo. A Najeriya gwajin da maganin tarin fuka duk kyauta ne, wanda kuma bai san inda zai dosa ba ya kira 3340, ba a cire ko kwabo.